Wasiƙa zuwa ga aminina: hatimi da dara a ajin lissafi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya baƙunta? Ka tambaye ni halin da nake ciki da 'yan ajin nan da na ce maka suna gudun lissafi. To, an samu canji, kuma hatimi ne ya kawo shi.

Ranar wata Litinin na zana gida tara a allo, uku-uku, na ce su zuba 1 zuwa 9, kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ya tashi 15. Ajin da ba ya shiru sai ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar goge takarda. Can wata yarinya da ke zama a baya, wadda tun farkon zango ban ji muryarta ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, duka lambobin 45 ne, layi uku ne, shi ya sa 15." Wallahi sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Daga nan muka bi layuka huɗun da suka ratsa tsakiya, jimlarsu 60, an ƙirga kowane gida sau ɗaya amma gidan tsakiya sau huɗu; in an cire 45 daga 60 saura 15, wato lambar tsakiya sau uku, dole 5 ta zauna can.

Da na gaya musu Malam Muhammadu al-Katsinawi, ɗan ƙasarmu, ya yi rubutu da Larabci kan irin waɗannan hatimai a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, sai suka riƙa kallon allon da wani ido daban.

Ranar Alhamis kuma dara muke yi a gindin darbejiya: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, wasu tsakuwa, wasu ƙwallon dabino. Yaron da zai jera uku ya ci ɗan abokin wasansa sai ya hango taku biyu gaba, kuma hangen nan ne nake nema a cikin aji. Wani daga cikin manyanmu ya ce ɓata lokaci ne, ga jarrabawa tafe. Abin ya sosa min rai, amma na roƙe shi ya zo ya zauna da mu sau ɗaya.

Don Allah ka gwada hatimin da yaranka, ka rubuto min yadda suka yi. In akwai wani wasan dabara da ake yi a can, ka aiko min da ƙa'idojinsa.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
amininka