Wasiƙa daga Tsibirin Tasmaniya

Hobat, Tasmaniya,
Ostireliya.

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da Yaya da iyalinsa da dukkan ƙannena, ina sanar da ku cewa ni ma lafiyata ƙalau, aiki kuma yana tafiya daidai, alhamdu lillahi. Baba ya tambaye ni a waya ko wace irin ƙasa ce wannan da muke sallar magariba a lokacin da kuke karin kumallo, na ga amsar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Tasmaniya tsibiri ne a kudu da babban yankin Ostireliya, teku mai faɗin kimanin kilomita 240 ce ta raba su, kuma wanda ya miƙe kudu daga nan ba zai sake taka ƙasa mai garuruwa ba sai ƙanƙarar ƙarshen duniya. Girmansa ya kusa na jihar Borno, amma mutanensa ba su kai dubu 600 ba. Yanzu da damina ta kankama a gida, mu muna tsakiyar hunturu, dutsen da ke bayan garin nan mai tsawon mita 1,271 ya yi fari fat da ƙanƙara. Alƙiblarmu ma yamma take. Bishiyar turare da ake dasawa a bakin hanyoyinmu asalinta daga wannan nahiya ne, sai dai a nan akwai irin da ke kai mita 100, wanda sai mutum ya tanƙwara wuya har hularsa ta faɗi kafin ya hango kansa. A dazuzzukan yamma kuwa, inda ruwa ba ya ɗaukewa, akwai itatuwan da suka haura shekara 2,000 suna tsaye.

Yawancin namun dajin nan a cikin wata jaka da ke jikin fatar cikinsu suke goyon 'ya'yansu. Da almuru ƙananan dangin kangaru sukan fito kiwo har bakin titi, kuma abin takaici ne yawan waɗanda motoci ke takewa kafin gari ya waye. Wanda ya fi suna shi ne wanda Turawa suka laƙaba wa shaiɗanin Tasmaniya saboda kururuwarsa cikin dare. Na gan shi kusa da kusa a wani gandun da ake kula da su: baƙi ne, gajere, da farin zane a ƙirji da kai mai girman da bai dace da jikinsa ba, in ya fusata kunnuwansa su yi jawur. Da aka jefa masa nama, sai da ya tauna fata da gashi da ƙashi, ina jin ƙarar ƙashin a tsakanin haƙoransa, bai bar ko ɓurɓushi ba. Tun 1996 wata cutar daji da ke fitowa a fuska, wadda suke ɗauka ta hanyar cizon juna, ta kashe mafi yawansu, har ta kai an kwashi masu lafiya an kai wani ƙaramin tsibiri don kada irin ya ƙare.

Tsoron nan nasu yana da dalili, domin an taɓa yi. Akwai wata dabba mai zane-zane a gadon baya da ake kira damisar Tasmaniya, wadda makiyaya suka zarga da cin tumaki, gwamnati ta sa ladan fam guda a kan kowace babba da aka kashe daga 1888 zuwa 1909, aka biya lada fiye da 2,000. Ta ƙarshe da aka sani ta mutu a gidan namun dajin garin nan ranar 7 ga Satumba, 1936, wata biyu kacal bayan an kafa dokar kare ta. A gidan tarihi ana nuna ɗan gajeren fim ɗinta tana kai da kawowa a cikin keji, na daɗe tsaye a wurin.

Tarihin mutanen ya fi wannan nauyi. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Holan, Abel Tasman, ya hango tsibirin a 1642, amma Ingilishi ne suka mamaye shi a 1803, shekara 100 cif kafin su ci Kano da Sakkwato. Kurkuku suka mai da shi, suka yi ta jigilar fursunoni fiye da 70,000 har zuwa 1853, wasunsu yara ne, wasu kuma laifinsu bai wuce ƙaramar sata ba. Na je kangon gidan yarin Fot Ata, inda akwai sashen da ake hana fursuna magana kwata-kwata, a rufe masa fuska in za a fito da shi, ko a coci a tsayar da shi cikin akwatin katako don kada ya ga na kusa da shi. Wurin kuwa ga ciyawa shar, ga ruwa kwance, kyansa har ya ba mutum haushi.

To, amma tsibirin da masu shi. Mutanen Falawa sun zauna a nan dubban shekaru tun kafin teku ta yanke shi daga babban yankin. Da aka ƙwace wuraren farautarsu aka zuba tumaki sai yaƙi ya ɓarke, a 1830 gwamna ya jera mutum fiye da 2,000 a layi guda don su kora su kamar yadda ake korar namun daji. Waɗanda suka tsira, kimanin 200, aka lallashe su aka kai su tsibirin Filindas, cuta da baƙin ciki suka yi ta ɗibarsu, a 1847 saura 47. Wata mata daga cikinsu, Turuganini, ta roƙi a sa gawarta a cikin teku don kada a wulaƙanta ta. Ta rasu a 1876, aka tono ƙasusuwanta, daga baya aka baje su a gidan tarihi mutane suna kallo har 1947, ba a cika mata wasiyya ba sai a 1976. Inna, ke da ba kya yarda a ambaci mamaci ba tare da addu'a ba, na san yadda wannan zai taɓa ki.

An daɗe ana koya wa yara cewa da ita al'ummar ta ƙare, wannan kuwa ba gaskiya ba ne. Jikokinsu suna nan, ina aiki tare da ɗaya daga cikinsu, dattijuwa mai kirki, wadda ke sanye da sarƙar ƙananan bawon kodin teku masu sheƙi irin wadda matansu ke sarƙawa tun kaka da kakanni. Suna farfaɗo da harshensu daga abin da aka rubuta, an mayar musu da wasu filaye, dutsen garin nan ma an dawo masa da sunansa na asali, Kunanyi, a gefen na Turawa.

Game da kilishi da irin kuɓewa da Inna ta ce za ta aiko, don Allah a dakata, domin dokar nan tana da tsauri ƙwarai a kan shigo da nama ko iri, saboda tsoron cutar da za ta shafi dabbobi da itatuwansu, kuma a filin jirgi za a ƙwace. A gaishe mini da Kawu da Gwaggo da maƙwabta baki ɗaya, a ci gaba da sa ni cikin addu'a. Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, Ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Ɗanku mai biyayya.