Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumarmu: Darbejiyar da Ta Faɗo Kan Wayar Wuta

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, a kan maganar wata darbejiya nake rubuto maka. Na san teburinka cike yake da batun albashi da magudanan ruwa da tsaro, amma ka daure ka karanta, domin saura ƙiris wannan bishiya ta jawo asarar ran yaro a ƙofar gidana.

Daren Talata aka yi ruwan farko mai ƙarfi na bana. Iskar da ta riga ruwan isowa ta tumɓuke tsohuwar darbejiyar gidan maƙwabcina, ta kwantar da ita bisa katanga, rassanta suka cukuikuye wayoyin da suka ratsa layinmu. Falwaya ɗaya ta karkace. Waya biyu suka tsinke, ɗaya tana lilo daidai kafaɗar babban mutum, ɗayar kuma ta kwanta cikin ruwan da ya taru a bakin kwata. Da sassafe na fito na tarar da wani almajiri, da ƙyar zai kai shekara tara, da robarsa a hannu, ya ɗaga ƙafa zai tsallake ta. Na daka masa tsawa. Ya juyo ya dube ni, ya ce, "Baba, ai babu wuta."

Maganar yaron nan ce ta hana ni barci. Gaskiya ya faɗa, a lokacin babu wuta. To wa ya san lokacin da za a kawo ta? Mun daɗe cikin duhu har mun daina tsoron waya, ita kuwa wuta ba ta sallama idan za ta dawo. Ko kamfani bai kawo ba, mai janareto ko mai sola da bai raba layin gidansa da na waje ba yana iya tura wuta cikin wayar titi bai sani ba. Ɗanyen itace da ya sha ruwa yana ɗaukar wuta. Idan kuma babbar waya ce mai ƙarfin bolt 11,000 ta faɗi, ba sai an taɓa ta ba, ƙasar da ke kewaye da ita ma tana kisa. Shi ya sa masana ke cewa a nisance ta da aƙalla mita 10.

Maƙwabcin nawa dattijo ne ɗan fansho, kuma mahaifinsa ne ya dasa bishiyar. Kunya ta rufe shi. Kafin hantsi ya kirawo samari biyu masu saran itace, har sun daidaita cewa iccen ne ladansu, ɗaya ya tuɓe riga ya saɓa gatari zai hau. Da muka hana, ran dattijon ya ɓaci, yana ganin so muke mu bar laifinsa a shimfiɗe kowa ya gani. Mutumin da muka yi shekara talatin ko cacar baki ba ta taɓa haɗa mu ba, ranar sai da liman ya shiga tsakani.

Muka je ofishin wuta, aka ce sare bishiya ba aikinsu ba ne. Muka je sakatariya, aka ce waya ba tasu ba ce. Muka dawo muka tare layin da benci da tsofaffin tayoyi da igiya, matasa suka riƙa gadi da tocila har asuba. Sai a rana ta uku aka zo aka kashe layin daga taransfoma. A tsakanin nan har an fara zagayawa da takardar karo-karo, wasu kuma na cewa dattijon ne zai sayi falwaya shi kaɗai.

Ranka ya daɗe, ba haka ƙa'ida ta ce ba. Tun watan Nuwamba na 2013 da aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11 masu zaman kansu, kula da layi yana wuyansu. Hukumar NERC mai sa ido kan harkar wutar lantarki ta ƙasa ta sha nanatawa cewa sayen falwaya ko waya ko taransfoma ba nauyin mai biyan kuɗin wuta ba ne. Ƙa'idar kare lafiya kuma ta ware wa layin bolt 11,000 da na bolt 33,000 fili mai faɗin mita 11, wato biyar da rabi ta kowane gefe. Talaka bai san wannan ba, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya faɗa masa.

Kada a fahimce ni a baibai, ba cewa nake a sare bishiyoyi ba. Wanda ya san zafin watan Afrilu ba zai so haka ba. A inuwar darbejiyar nan aka ɗaura auren 'yata, a nan muka karɓi gaisuwar mahaifiyata. Abin da nake roƙo shi ne a riƙa rage rassa kafin damina ta faɗi. Kana da malaman daji, kana da sashen ayyuka, kuma masu unguwanni sun san duk bishiyar da gara ta cinye cikinta. Ka zauna da kamfanin wuta a tsayar da rana ga kowace unguwa, su kashe layi, ma'aikatanka su yi saran. A samar da lambar waya ɗaya wadda za a ɗauka ko da tsakar dare, a sanar da ita a masallatan Juma'a da makarantun allo da rediyo, haɗe da gargaɗi cewa duk wayar da ke ƙasa a ɗauka da wuta a jikinta. Sannan a rubuta a fili wa zai biya me idan bishiyar wani ta faɗi. Wanda aka yi wa gargaɗi ya ƙi gyarawa daban, wanda iska ta yi wa ɓarna daban. Hadisi ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma dattijon nan bai cancanci a cuce shi ba.

Yanzu haka akwai wata doguwar bishiyar turare a bakin makarantar firamaren unguwarmu, ta sunkuyo har reshenta yana gogar waya idan iska ta kaɗa. A ƙarƙashinta yara ke sayen awara lokacin tara. Ka turo wani ya gan ta cikin makon nan, ni zan raka shi da ƙafata.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani magidanci daga cikin talakawanka