A daina cika jirgi fiye da ƙima a kogin Kwara

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni fili in yi magana kan yadda ake zirga-zirga a kogin Kwara, musamman tsakanin Yauri da Ngaski da ɓangaren Borgu. Ba mu manta da abin da ya faru kusa da Wara a 2021 ba, jirgi ya kife da mutane fiye da ɗari, sai na Patigi a 2023 na ƴan biki, amma wallahi har gobe ranar kasuwa za ka ga an loda mutane da buhunan hatsi da babura har ruwa na lasar bakin jirgi, kowa ya yi tsit wai kar a ce ya cika tsoro.

Su kututturan itacen da ruwan dam ɗin Kainji ya rufe suna nan ƙasa, da rana ma sai matuƙin da ya san hanya yake kauce musu balle da dare ba fitila. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, ta hana tafiyar dare, ta ce kowa ya sa rigar kariya, to a sa mana, ba a ninke ta a zauna a kai ba.

Sannan masu inji su daina tsiyaye baƙin mai cikin ruwa, fasinja su daina jefa ledar fiya wata, ruwan nan shi ƙauyuka ke sha. In an hango dorina da ɗanta kuma a rage wuta a yi nesa. Sarakunan ruwa don Allah a riƙa ƙirga fasinja tun daga gaɓa.

Naku,
Mai karatu daga Yauri