Wasiƙa daga Preston: tanti, ruwan dare da bishiyoyin da muka binne a yashi

Preston, Ingila
Fabrairu, 2026

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Amarya da yara da su Hajiya. Ya sanyin Nguru? Na san hunturu ya fara ja da baya a wajenku. Mu nan har yau sai mutum ya kankare ƙanƙara daga gilashin mota kafin ya kama hanyar aiki.

Ka yi mini afuwa kan dogon shirun nan. Saƙon muryar da ka turo tun damina yana nan ban goge ba, wanda kake ta ƙyaƙyata dariya wai na bar gida mai rufi da lantarki, na je na biya kuɗi don in kwana a ƙasa kamar Bafulatani a mashekari. Uwargida ta saurare shi sau uku, kowane karo sai ta ce, "Wallahi gaskiya ya faɗa." Ban ba ka amsa ba ne saboda amsar ta fi ƙarfin saƙon minti biyu.

Abin da ya kai ni shi ne Abba. Shekararsa shida, amma sai kwanan baya na lura yaron nan bai taɓa ganin duhu na gaske ba. Fitilar titi a bakin tagarsa take har gari ya waye. Ka tuna yadda muke kwana a tsakar gida lokacin bazara, an yayyafa ruwa a ƙasa an shimfiɗa tabarma, Inna na "ga ta nan, ga ta nanku" har barci ya kwashe mu ɗaya bayan ɗaya? Na tambaye shi ko ya san Kaza da 'Ya'yanta, ya ce mini ai tana cikin firji. Ranar na yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. Abin da muka samu kyauta, a nan sai ka yi rajista ta intanet ka biya, domin a Ingila ba a kafa tanti inda aka ga dama sai da izinin mai fili. Dartmoor, wani gandun ƙasa can kudu, ita ce ta fita daban, ita ma sai da shari'a ta kai Kotun Ƙoli a 2025 kafin a tabbatar wa mutane haƙƙin. Sikotilan ce ke da sassauci tun dokarsu ta 2003.

Ƙarshen Yuli, da aka ba yara hutu, muka loda mota har ba a ganin baya, muka nufi Lake District, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga nan. Yanki ne na tsaunuka da tafkuna, an mai da shi gandun ƙasa tun 1951. Muka sauka a kwarin Borrowdale, kusa da garin Keswick, a wani filin manomi da aka ware don masu tanti, akwai famfo da bayi.

A nan na tafka kuskuren da har gobe ake yi mini gori a kansa. Na duba filin, na ga wani wuri mai laushin ciyawa, shimfiɗe lumui, babu kowa a kai. Na ce lallai Turawan nan ba su da ido. Ashe kwari ne. Ban kuma san cewa Seathwaite, ƙauyen da ake cewa ya fi duk inda mutane ke zaune a Ingila samun ruwan sama, yana nan cikin kwarin da muke ba. Wajen ƙarfe biyu na dare ruwa ya sauko, ba irin namu mai tsawa da iska da ke zuwa ya wuce ba, wani siriri mai naci. Na farka na ji ƙasan tantin yana motsi a ƙarƙashina kamar na kwanta a kan salkar ruwa. Auta, da bai cika shekara biyu ba, ya tsala ihu. Ummi ta ce fitsari take ji, bayin kuma yana can ƙarshen fili. Uwargida ba ta ce uffan ba, ta dai haska ni da tocila ta daɗe tana kallona. Ka san irin kallon. Sauran daren a mota muka ƙarasa shi, mu biyar, tagogi sun yi gumi.

Da safe wani dattijo da ke maƙwabtaka da mu ya taimaka muka ciccibi tantin zuwa kan tudu. Shi ne kuma ya tsayar da ni da ya ga ina shirin shigar da murhun gawayi ciki don yara su ji ɗumi. Ya ce ko garwashin ya yi kamar ya mutu, yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma ta sha kashe mutane a cikin tanti. Kunya ta kama ni, domin ni da kai mun san gidajen da hayaƙin janareta ko kaskon wuta ya yi wa wannan ɓarnar. Sanin abu daban, tuna shi lokacin da yaro ke rawar ɗari daban.

Sauran wahalhalun ƙanana ne. Rana ba ta faɗuwa sai tara ta gota, to ka gaya mini yadda za ka shawo kan 'yar shekara huɗu ta yi barci alhali tana ganin haske ta jikin tanti. Da yamma akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari, ba su kai sauro ba amma sun fi shi rashin kunya, a gashin kai suke shiga. Kowane dare sai mun duba jikin yara saboda kaska, don tumaki ko'ina suke. Tumakin wurin ma abin kallo ne, Herdwick ake ce musu, ana haifar su baƙaƙe, suna girma suna komawa ruwan toka, fuska fara. Ummi duk wanda ta gani sai ta ce ga ragon Sallarmu. Mun hau wani tsauni, Catbells, mita 451 kacal, wanda ake cewa na yara da tsofaffi ne. Auta na goye a bayana cikin jakar goyo. Da 'yan unguwarmu sun gan ni da na shiga uku. Ban kai ƙololuwa ba, Uwargida da Abba suka kai, wannan ma wani gorin ne.

Amma dare na biyu sama ta washe. Na tashi sallar Asuba, wadda a can lokacin bazara tsakar dare take kamawa, sai na tada Abba na naɗe shi da bargo muka fito. Babu fitila ko ɗaya. Ya riƙe hannuna gam, ya yi shiru, can ya ce, "Baba, su waye suka kunna su?" Na nuna masa Kaza da 'Ya'yanta tana tasowa ta gabas, muka jira har Gamzaki ya leƙo ta bayan tsauni. Ya ƙirga 'ya'yan kazar ya samu shida, ya ce saura sun ɓuya. Kuɗin filin da na tantin da daren da muka yi a mota, duk a nan na fanshe su.

Yanzu ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami, don na san kai zai fi yi wa daɗi.

Ka san mu ba ma ajiye bishiyar Kirsimeti, kuma na yi wa yara bayani sun gane. Amma maƙwabciyarmu, wata tsohuwa mai kirki da ke kawo wa yara alewa ranar Sallah, kowace shekara sai ta sayi ɗanya. Irin waɗannan bishiyoyi gonarsu ake yi musamman, sai sun shekara bakwai zuwa goma kafin su kai tsayin mutum, a sare su, a yi musu ado na mako uku ko huɗu. Zuwa 6 ga Janairu an kwance ado, sai ka ga titi duk gawarwakinsu a bakin ƙofa. Shekarar da na zo abin ya ba ni takaici. Na ce da a gida ne, kafin azahar akuya da murhu sun raba ta. Daga baya na gane ba duka ake zubarwa ba. Hukuma na kwashewa a niƙa su a zuba ɓarɓashin a gindin shuke-shuke don ya riƙe danshi. Har babbar nan ta dandalin Trafalgar a Landan, wadda birnin Oslo ke aikowa kyauta duk shekara tun 1947, ƙarshenta ke nan. Wasu masu kiwo kuma suna karɓa su ba awaki, in ba a fesa mata magani ba. Ka ga ashe akuya ko a Turai akuya ce.

Tsohuwar ta roƙe ni in kai mata tata inda ake tarawa don gaɓar teku. Na ce teku kuma? Ta ce in je in gani. A St Annes, kusa da Blackpool, rabin awa daga gidanmu, akwai jigayin yashi da ke tsakanin teku da gidajen mutane. An ce fiye da kashi 80 cikin 100 na irin waɗannan tuddai a Lancashire, lardin da muke, sun ɓace cikin shekara 150, gine-gine sun cinye su. To duk shekara ƙungiyar kare namun daji ta Lancashire da ƙananan hukumomin Fylde da Blackpool suna tara bishiyoyin nan, 'yan sa-kai su zo a binne su. Kwanakin baya na je da Abba. An haƙa dogon rami a gaban tuddan, sai a jera bishiyoyi a ciki, a turbuɗe gindi, rassa na waje suna fuskantar iska. Iska ta kwaso yashi, rassan su rage mata ƙarfi, yashin ya zube a wurin. A hankali ya rufe bishiyar, wata doguwar ciyawa mai zurfin saiwa ta kama, sabon tudu ya tashi ya tare wa gari ruwa.

Ina tsaye da shebur a hannu, iska na yankar kunne, sai na ga ba St Annes nake gani ba. Ka tuna tafiyarmu ta wajen Maine-Soroa, inda muka ga an kakkafa shingen ƙirare da rassan goruba gida-gida a kan tudun yashi don kada ya binne kwari da dabino? Dabarar ɗaya ce sak. Bambancin kawai, su nan so suke tudun ya girma, mu kuma a Yusufari roƙonsa muke ya tsaya inda yake. Na yi ƙoƙarin yi wa wata mata da ke kusa da ni bayani, ta ce ba ta taɓa jin yashi ya ci gari ba. Abba kuwa ya zaɓi wata 'yar ƙarama ya ce tasa ce, ya tattake gindinta da takalmin roba, ya sa ni alkawarin za mu dawo da bazara mu ga ko yashi ya haɗiye ta. Har yau ina kakkaɓe yashi da ganyen nan mai kama da allura daga bayan mota.

Don Allah in hanya ta bi da kai ta Tulo-Tulowa ko wani wuri da aka yi irin shingen nan, ka ɗauko mini hoto, ina so in nuna wa yaron da kuma matar can in mun sake haɗuwa. Muna sa ran zuwa gida hutun ƙarshen shekara in Allah ya yarda. Ka tanadar mana tabarma biyu da gidan sauro, Abba ya ce a tsakar gida zai kwana, kuma kada ka bari su Hajiya su ji labarin goyon nan.

Azumi ya ƙarato, Allah ya kai mu da rai da lafiya. Uwargida na gaida Amarya, ta ce a tuna mata da maganar kuka da daddawa.

Naka har kullum,
Amininka na Preston