Godiya ga ma'aikatan Asibitin Barnawa, Kaduna

Assalamu alaikum.

Maigidana ya rasu cikin azumin bara. Gida ya cika da 'yan gaisuwa har zuwa sadakar arba'in, daga nan kowa ya kama gabansa, ya rage daga ni sai yara da takaba. A lokacin ne mutuwar ta fara cina. Barci ya ƙaurace wa idona, abinci sai na tura. Butar alwalarsa tana bakin ƙofa inda ya bar ta, na hana kowa taɓawa. Duk wanda na gaya wa, amsar ɗaya ce: "Ki yi haƙuri, kowa zai tafi." Na sani, wallahi na sani, amma ƙirjina bai daina nauyi ba.

Na je wani asibitin kuɗi, likitan ko kai bai ɗago ba, ya rubuta mini maganin barci ya ce a shigo da na gaba.

Ƙanwata ce ta matsa sai na je asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa. Sau biyu ina ƙi, saboda sunan da mutane ke kiran wurin da shi, asibitin mahaukata, ga tsoron abin da dangin miji za su ce.

Bayan an buɗe mini kati, aka kai ni wajen wata baiwar Allah mai ba da shawara. Ta jawo kujera kusa da ni ta ce, "Hajiya, ba ni labarinsa. Wane irin mutum ne?" Wata shida ba wanda ya yi mini wannan tambaya. Na yi kuka har mayafina ya jiƙe, ba ta katse ni ba. Da na ba ta haƙuri, sai ta tuna mini cewa Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Zuwana biyar ke nan, yanzu ina barci. Allah ya saka mata da alheri, ya jiƙan mahaifanta.

Abin da ke damuna shi ne matan karkara. Tun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma har yau macen da ta rasa miji ko ɗa, in ta je ƙaramin asibiti, da wuya ta samu wanda zai zauna ya saurare ta. Ni ina da kuɗin mota da ƙanwa mai naci. Su fa?

Wassalam,
Wata uwar marayu daga Tudun Wada