Siyasa ta shiga tsakanina da mutumin da ya karɓe ni a Amurka

Assalamu alaikum Malam. Ina fata kana lafiya, da iyali da abokan aiki. Ina sauraron shirinka ta intanet, galibi a mota idan na taso daga aikin dare.

Ni mutumin Jibiya ne, shekarata takwas a garin Greensboro da ke jihar Karolina ta Arewa. Mutanen Nijar suna da yawa a nan. Ɗaya daga cikinsu, wani bawan Allah ɗan Maraɗi da ya ba ni kusan shekara goma, shi ya tarbe ni a filin jirgi. Wata huɗu ina kwana a falonsa, ko kwabo bai taɓa karɓa ba. Yaya nake ce masa.

Malam, sai wanda ya zauna a nan zai san darajar hira. A wurin aiki mutum zai tambaye ka lafiya, kafin ka amsa ya yi gaba. Magana ba ta wuce sanyi da ƙwallo da tsadar kaya. In suka ɗauko siyasarsu kuwa, bakina nake kamawa, don baƙo ba ya shiga faɗan masu gida. Sai ka yi mako guda ba wanda ya tambaye ka ya mutan gida. Shi ya sa daren Asabar a gidan Yaya ya zame mini magani. Bayan Isha'i zai ɗora ƙaramar butarsa shuɗiya, ya yi ta ɗaga hannu yana juya shayi har kumfa ta cika kofi, uwargida ta miƙo kwaɗon zogale, mu bakwai ko takwas mu yi ta Hausa har ɗayan dare.

Tun da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023 zaman ya fara tsami. Da ECOWAS ta yi barazanar yaƙi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, sai na zama kamar ni ne Tinubu a ɗakin. Alhali ni ma abin ya ci ni: ƙanena da ke kai kaya Maraɗi ta Magama ya yi watanni a zaune, sai da aka buɗe iyakar a Maris na 2024. Na sha faɗa musu ban goyi bayan takunkumin ba, amma kuma ban yarda da mulkin soja ba, mu mun ɗanɗana shi. Da na faɗi haka sai a ce na zama yaron Faransa.

Abin ya fashe ne bayan hirar da Janar Tiani, shugaban mulkin sojan Nijar, ya yi da Hausa a Disambar 2024, inda ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa. Yaya ya yi ta kunna mana ita a wayarsa. Raina ya ɓaci, na ce ƙasar da ko wutar lantarki sai mun ba ta ce za ta yi mana gori? Ɗakin ya yi tsit. Yaya ya ajiye butar, ya dube ni ya ce, "To, mun gode da wuta." Bai ƙara ba. Wallahi har yau in na tuna fuskarsa sai in ji zuciyata ta yi nauyi, don gori na yi wa wanda bai taɓa yi mini gorin falonsa ba.

Tun ranar ban koma ba. A masallacin Juma'a mukan yi musabaha, a tsaitsaye. Matata na cewa in je kawai in durƙusa, ɗana kuma kullum sai ya tambaye ni yaushe za mu gidan Baba.

Haƙuri kan gorin, na san wajibi ne a kaina. Inda na rasa mafita shi ne abin da zai biyo baya. In na koma, in yi shiru ke nan duk lokacin da aka zagi ƙasata, ko in roƙi a daina siyasa a majalisar, alhali rabin hirarmu labarin gida ne? Kuma in same shi shi kaɗai, ko in ba shi haƙuri a gaban waɗanda na yi maganar a gabansu? Limaminmu ya san mu duka, amma ina gudun Yaya ya ga kamar ƙararsa na kai.

Azumi na ƙaratowa, kuma tun zuwana a gidansa nake buɗa-bakin ranar farko. Don Allah Malam a taimaka mini da amsa kafin lokacin.

Naka mai sauraro,
daga Greensboro, Amurka.