Kafin ku yi rebase, ku karanta wannan

Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya awa biyu na kwashe ina fama da rikicin rebase (wato sake ɗora gyare-gyarenka a kan sabon aikin da aka yi a Git, manhajar adana tarihin sauye-sauyen fayiloli), kuma laifina ne: na sauya wa fayil suna, na sake rubuta fiye da rabinsa, duk a commit ɗaya (wato ajiyar sauye-sauye guda). Git ba ya ajiye labarin sauya suna, kintata yake yi. In kamar da ke tsakanin tsohon fayil da sabon ta kai kashi 50 cikin ɗari, fayil ɗaya ne a wurinsa. Ƙasa da haka, gani yake an goge wancan an ƙirƙiro wannan.

Don Allah ku yi git mv (umarnin sauya wa fayil suna) shi kaɗai, ku yi commit, sannan gyara. In aikin gama ya gama, ku gwada git rebase -X find-renames=30%, wanda ke rage ma'aunin kamar zuwa kashi 30. In kwafin fayil kuka yi kuwa, Git ba ya bin sa, da hannu za ku kai masa gyaran.